Moɗar da Na Ɓoye wa Ɗana

Da sunan Allah nake farawa, Mai hanya, Mai masauki. Sunana Hajara. Ni mutuniyar fadamar Guri ce, can inda kogin Haɗejiya ke barin hanyarsa duk damina ya zo ya kwanta a gonakinmu ba sallama. Ban yi boko ba, allo ma iyakata surorin salla. Da baki na faɗi wannan labari aka sa shi a takarda, na kuwa ce kada a yi masa kwalliya, don ba na daɗi ba ne.

Bakwai na haifa, uku suna ƙasa. Wadda ta sa ni tafiyar nan ita ce ta biyu, Balkisu, mu Balki muke ce mata. Yarinyar nan ta kama boko kamar yadda masunci ke kama gora a tsakiyar ruwa, ba ta saki ba. Daga Haɗejiya sai jami'a, daga jami'a sai likitanci. Muka ce to madalla, an gama, za ta buɗe ɗakin shan magani ta huta. Ina! Sai ta ce ita cuta ɗaya tak za ta bi har raminta: amai da gudawa, wadda ake ce wa kwalara. Ta koma karatu, ta ƙare, ta sake komawa, har ta kai tana koyar da likitoci, tana rubuce-rubucen da aka ce ana karantawa a ƙasashen da ban san sunansu ba. Matan garinmu kuwa suka laƙaba mata suna likitar kashi. Tabawa maƙwabciyata takan leƙo ta katanga ta ce, "Hajara, yaya likitar kashi? Har yau ba a ƙara mata girma zuwa ciwon kai ba?" In yi yaƙe in wuce.

Ba wannan ne ciwona ba. Ciwona shi ne, tun shekararta ta biyu a karatun likita, Balki ta daina kallon idona. Ta yi mini rufin kwano, ta kai ni Makka, ba abin da na nema na rasa. Amma in ta zo gida, da hantsi take isowa, ta durƙusa ta gaishe ni idonta a kan tabarma, ta wuce bakin kogi da 'yan kwalabenta tana ɗiban ruwa, kafin la'asar mota ta juya da ita. Shekara ashirin ba ta kwana a ɗakina ba. Ruwa ba ya tsami banza. Da na ga ƙafa ta fara nauyi, ido ya fara raguwa, sai na ce a kira mini ita a waya. Na ce, "Balki, ko ki zo, ko in zo. Ba zan shiga kabari ban san abin da na yi miki ba." Ta ce, "Iya, aiki ya riƙe ni a nan Bangaladash." Na ce, "To a nemo mini hanyar can."

Zangona na farko wani filin jirgi ne a ƙasar Larabawa, inda za a sauya mini jirgi. Tafiyar Makka da jama'a muka yi ta, kamar garke da makiyayinsa. Wannan kuwa ni kaɗai ce, da takarda rataye a wuya kamar laya, an rubuta sunana da inda za ni. A hannuna akwai ƙullin bandan tarwaɗa, da kaina na zaɓo, don Balki tana ƙarama ba ta da abin so kamar kan tarwaɗa. Na ce ko bakinta ya ƙi magana da ni, harshenta zai tuna.

Ina zaune sai wani dogo mai riga da maɓallai masu ƙyalli ya tsaya a kaina. Ya shinshina, ya toshe hanci, ya nuna ƙullin, ya haɗa hannayensa biyu kamar an sa masa ankwa. Na gane nufinsa: ko kifi, ko kurkuku. Na miƙa masa. Bai ba ni takarda ba, bai nufi wani ofis ba. Ina kallo ya bi ta wata ƙaramar ƙofa yana ɓantarar wutsiyar yana jefawa a baki. Na ce Allah ya isa. Sannan na janye, na ce ci, wataƙila kai ma baƙo ne, kana kewar kogin garinku.

Tun daga Kano ban sa ruwa a bakina ba, don tsoron bayin jirgi. Ban san inda ake dannawa ba, kuma ba zan kunyata kaina a gaban baƙi ba. Yini ya wuce. Harshena ya koma kamar ƙirgi, leɓena ya tsage, kaina na sarawa. Ga ruwa nan jere a kwalabe bayan gilashi, ba ni da bakin tambaya. Wata 'yar siririyar mace mai shara ta wuce ni sau biyu da tsintsiyarta mai doguwar sanda. A na uku ta tsaya, ta dubi leɓena, ta ciro gorar ruwanta ta buɗe ta sa mini a hannu. Na girgiza kai don kunya. Ta tura hannuna zuwa bakina kamar ana yi wa yaro. Na sha. Ban taɓa sanin ƙishi yana da nauyi haka ba sai da aka sauke mini shi. Ita ta karanta takardar wuyana, ta ja ni har ƙofar jirgi na biyu. Ban san sunanta ba, amma tana cikin addu'ata har gobe.

Zango na biyu, Daka, babban birnin Bangaladash. Jama'a, na ga mutane. In aka haɗa kasuwar Haɗejiya da ta Jahun ranar jajibirin salla, ba su kai layi ɗaya na garin nan ba. Kekuna masu rumfa kamar fara, ƙaho ta ko'ina, sama a haɗe da hadari. Balki ta tarye ni, ta durƙusa a gaban mutane ta ce, "Iya, sannu da hanya." Idonta a kan jakata. Na ce, "Na kawo miki kifi, an ƙwace." Ta ce, "Ba komai, nan ma akwai kifi." Iyakar hirarmu ke nan har gida.

Gidanta a hawa na shida yake. Mijinta yana aiki a wata ƙasa, 'ya'yanta suna makarantar kwana, saboda haka in ta fita da sassafe sai ni da bango. Ba ƙasar da zan taka, ba kukan akuya, ba mai leƙo katanga. Har tsokanar Tabawa na yi kewa. Abincinsu yaji ne mai hawa kai. Kiran salla kaɗai nake ganewa a garin gaba ɗaya, in aka yi shi sai in ji kamar ɗan garinmu ne ya yi mini magana.

Akwai wata tsohuwa a ƙofar da ke kallon tamu, sunanta irin namu, Rahima. Ba ta jin Hausa, ba na jin nasu. Ranar farko ta kawo mini shayi mai madara, ta zauna ta yi ta zuba da yarenta, ni ma na zuba da nawa. Ta ɗaga yatsu biyar ta dafa ƙirji, ta lanƙwashe biyu ta nuna ƙasa. Na ɗaga bakwai, na lanƙwashe uku. Daga ranar muka zama ƙawaye.

Sau uku ina tarar Balki da maganar da ta kawo ni. Na farko ta ce ta gaji. Na biyu wayarta ta yi ƙara. Na uku na riƙe bakin mayafinta na ce, "Ke, ni na haife ki. Me na yi miki?" Ta ce, "Wallahi Iya, ba ki yi mini komai ba." Ta rantse, kuma ba ƙarya ta yi ba. Sai daga baya na gane ba ita na yi wa ba.

Sai ruwa ya sauko, kwana da kwanaki ba ɗaukewa. Ta taga ina ganin titi ya zama kogi, mutane na tafe ruwa iya cinya, wasu a kwale-kwale. Na ce ashe fadama na baro na zo fadama. Balki ta ce, "Iya, lokacin ya zo. Za ki riƙa ganina jefi-jefi." Na san lokacin da take nufi, don na taɓa ganin irinsa.

Shekarar da kogi ya cinye mana gari, kan tudu muka koma muka kafa bukkoki, mutum da dabba wuri ɗaya, ruwan sha da na wanki da na bayan gida duk ɗaya. Cutar ta shigo kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Rana ɗaya ta kwantar mini da biyu: ɗana na fari, wanda kunya ba ta barina in faɗi sunansa, yana da shekara goma sha ɗaya, da Balki mai takwas. Abin da ke fita daga jikinsu fari ne kamar ruwan wankin shinkafa. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ta faɗa mini abin da uwarta ta faɗa mata, abin da kowace mace a kan tudun nan ta sani: "Hajara, tulun da ke yoyo ba a ƙara masa ruwa. Duk abin da kika zuba ta sama, ta ƙasa zai fita. Ki bar cikin ya bushe, sai ya ɗaure." Na ɗaure bakin randa da tsumma, na ɗauki moɗa na soke ta a jinkar bukka, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Suna kuka suna "Iya, ruwa," ina jiƙa tsumma ina shafa musu a leɓe, ina cewa ku yi haƙuri, magani nake muku.

Yaron mai jin magana ne. Tun da na ce kada ya sha bai ƙara roƙo ba, sai dai ya bi moɗar da ido. Balki kuwa taurin kai gare ta tun tana goye. Na fita neman sassaƙe, na dawo na same ta ta ja ciki har murhu, ta kafa kai a tukunyar ruwan dafaffiyar shinkafar da na tace na ajiye wa awaki. Na make mata hannu. Na sake fita, ta sake komawa. Washegari da azahar yaron ya cika. Balki ta tashi. Shekara talatin da wani abu ina cewa a raina, dubi ikon Allah: wanda ya kiyaye ya tafi, wadda ta yi ganganci ta tsira duk da gangancinta.

Zango na uku, asibiti. Kwana uku Balki ba ta leƙo gida ba. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kukar da ta tsira daga hannun dogon nan, na nuna wa Rahima kwanon, na nuna mata hoton Balki a bango. Ta gane. Ta sa mu a keke mai rumfa, mai keken yana turawa cikin ruwa, har ƙofar asibitin.

Ɗakuna sun cika har an kafa rumfunan tamfol a fili. Gadaje jere, kowanne an huda shi a tsakiya an sa bokiti a ƙarƙashi, ma'aikata na bi suna duba abin da ya taru suna rubutawa. Warin maganin wanke ƙasa na yanka hanci. Wasu an rataya musu ƙarin ruwa. Na hango Balki can da nisa cikin farar riga, ɗalibai na bin ta a baya. Ta tsaya gun wani tsoho, ta tsunkuli fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ta yi magana ɗaya, mutum uku suka ruga. Na ce a raina, ashe wannan ce likitar kashi. Ina ma Tabawa na nan.

Aka sa muka wanke hannu, aka nuna mana benci mu jira. Dab da bencin akwai gado da wata yarinya a kai, ba ta fi shekara huɗu ba. Idanunta sun faɗa rami, yatsunta sun yamushe kamar na mai wankau. Na san fuskar nan. Uwarta, ita ma yarinya ce ɗanya, tana riƙe da kofi da cokali tana ɗura mata ruwa. Yarinyar ta amayar. Uwar ta goge, ta ɗan jira, ta sake cika cokali. Bokitin ƙarƙashi kuwa sai ɗiga yake.

Na duba hagu, na duba dama, ba wanda ya kula. Na ce wayyo, ga yarinya za ta kashe 'yarta da rashin sani, ba babba a kusa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na ajiye kwanon tuwo, na tashi, na riƙe hannunta, na karɓe kofin. Na ce, "Haba 'yar nan, bari! Tulun da ke yoyo ba a ƙara masa ruwa." Ta miƙo hannu, na ɗaga kofin sama, na mai da shi bayana. Ta fasa ihu.

Ban ga tahowar Balki ba. Na dai ji an fizge kofin har ruwan ya zube mini a zane. Ta sa aka cika wa matar wani, ta juyo. Ranar ta kalli idona. Shekara ashirin ina roƙon wannan kallo, da ya zo na so ƙasa ta tsage in shige.

"Iya, me kike yi?"

"Taimakonta nake. Ba ta san cewa..."

"Ita ce ba ta sani ba? Iya, ruwan nan shi ne ranta! Cutar nan ba abin da take yi sai tsotse ruwan jiki. Ƙishi ne ke kashe su, ƙishi! Moɗar za ki sake ɓoyewa? Bai ishe ki ba, wanda kika..."

Ta toshe bakinta da hannu biyu. Amma magana zarar bunu ce. Ba mai jin Hausa a rumfar nan sai mu biyu, duk da haka kowa ya juyo yana kallonmu. Na dubi yarinyar, tana bin cokali da ido. Sai na ga jinkar bukka, na ga moɗa a soke, na ga idon da ke bin ta. Rahima ce ta kama hannuna ta mai da ni gida. Tuwon nan ban san wanda ya ci shi ba.

Zango na huɗu ba tafiya a cikinsa, amma ya fi duka nisa. Na kwanta na juya wa duniya baya. In Rahima ta kawo ruwa in kawar da kai; na ce bari in ɗanɗana abin da na ɗanɗana masa. Yini ɗaya na yi ba ruwa a filin jirgi na ji kamar zan mutu, ni babba, lafiyata lau. Shi kuwa yaro, ciki na zuba, kwana da yini. A rana ta biyu Rahima ta gaji da lallashi. Ta zauna bakin gado ta balbale ni da faɗa da yarenta, ta nuna sama da yatsa ta ce "Allah," ta kama haɓata ta ɗura mini kamar ana ba akuya magani. Na sha ina kuka.

Da hantsin rana ta uku Balki ta shigo. Ba ta durƙusa daga nesa yadda ta saba ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina kanta da gwiwata.

"Iya, ki yafe mini. Na yi alkawari har in mutu ba za ki ji daga bakina ba."

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekarata ta biyu a makarantar likita. Malami ya tsaya gaban allo yana bayani, ya ce ko ruwan dafaffiyar shinkafa da ɗan gishiri yakan riƙe rai kafin a kai asibiti. 'Yan aji na rubutu, ni na fita waje na yi ta amai. Daga ranar, in na dube ki na yi shiru, na ci amanar Yaya. In na yi magana, na kashe ki. Sai na zaɓi kallon tabarma."

"Ai da kin faɗa."

"Akwai nawa ma, Iya. Lokacin da kika fita, na ɗebo masa a tafin hannuna, na ja ciki na kai masa. Ya rufe baki. Ya ce, 'Iya ta hana.' Na shanye abina. Da na matsa masa..."

"Shekararki takwas."

"Ke ma abin da aka koya miki kika yi. Duk matan tudun nan haka suka yi. Na rubuta wannan a takardu da Turanci ya fi a ƙirga, amma na kasa faɗa miki da Hausa."

Sannan na yi tambayar da ta rage. Na ce, "Da na ba shi, da ya tashi?"

Ta ce, "Rai na Allah ne, Iya."

Na ce, "Wannan na san shi tun ba a haife ki ba. Likita nake tambaya."

Ta ɗago ta dube ni, ba ta kawar da ido ba. Ta ce, "Da yawansu suna tashi."

Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi masa sabon kuka, kamar ranar aka fita da shi, ita ma ta taya ni. Da muka gaji na ce, "Yarinyar nan ta gadon, tana da rai?" Ta ce an yi mata ƙarin ruwa ta farfaɗo, amma gudawar ba ta tsaya ba, dole a ci gaba da cokali, uwar kuwa rashin barci ya gama galabaitar da ita. Na ce, "Ki mai da ni."

Zango na biyar, bakin gadon nan. Da matar ta gan ni ta rungume kofinta. Balki ta yi mata magana mai tsawo da yarensu. Ban san me ta faɗa ba, na dai ga ta nuna ni, ta nuna tsayin yaro da hannu. Matar ta dube ni, ta dubi kofin, ta miƙo mini da hannu biyu. Wallahi dutsen niƙa bai kai kofin nan nauyi ba.

Balki ta koya mini, ni da na koya mata tafiya. Ga ƙullin garin gishiri da sukari, ga ma'aunin ruwa mai tsabta, kada a rage kada a ƙara. Cokali ɗaya, a jira ta haɗiye, a sake. In ta amayar kada a tsorata, a ɗan dakata a ci gaba. Duk abin da ya fita ta ƙasa a mayar da shi ta sama. Na ce, "Wato tulun da ke yoyo..." Ta ce, "Shi ya fi kowanne buƙatar ruwa, Iya, har Allah ya sa ya liƙe."

Uwar ta kifa kai a gefen gado, nan take barci ya sace ta. Ni kuwa na zauna. Cokali, bismillah. Cokali, bismillah. Sau biyu ta amayar mini a zane, kowane karo hannuna na so ya janye, muryar uwar mijina na ce mini bari, ni kuwa ina ce mata Allah ya jiƙanki, yau ba zan ji maganarki ba. Wajen la'asar sakaliya yarinyar ta ture cokalin, ta kama bakin mayafina, ta faɗi wata kalma da ƙarfi har da harara. Ma'aikaciyar da ke wucewa ta tuntsire da dariya. Aka kira Balki, ta ce, "Iya, cewa take ta gaji da ruwanki, shinkafa take so."

Sauran kwanakina a ƙasar nan a rumfar na yi su. Ba duka suka tashi ba. Akwai waɗanda aka kawo a makare, na ga an ja musu mayafi. Wata rana Balki ta kai ni ɗakin bincikenta, ta sa na leƙa madubin da ke girmama abin da ido ba ya gani. Na ga wasu 'yan ƙwayoyi lanƙwasassu suna wutsil-wutsil. A jikin bango ga kwalabe jere, ta nuna wasu ta ce ruwan kogin garinmu ne. Tana neman inda cutar ke ɓuya da rani kafin damina ta tashe ta. Na ce, "Shekara nawa kina bin wannan ɗan abin?" Ta ce, "Tun ina da takwas."

Ranar rabuwa Rahima ta soke mini cokalin shayinta a haɓar zane. Muka yi ta magana, kowa da yarenta, muka gane juna sarai.

Da damina ta zagayo kogi ya sake hawowa, cutar ta leƙo unguwar masunta. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna faɗa a rediyo, sun raba ƙullin garin, amma na san abin da ke faruwa in sun juya baya. Kaka ce ke da ɗaki, kaka kuwa abin da ta gada take yi. Na ɗauki sandata da cokalin Rahima na shiga gida-gida. A gidan Tabawa jikanta ne kwance, randa a ɗaure.

Ta ce, "A'a, an je ƙasar waje an dawo! Uwar likitar kashi, allura kika kawo mana?"

Na ce, "Tabawa, ina moɗar?"

Ta ce, "Ke ma kin san ƙa'ida."

Na ce, "Na sani. Kina kan tudun nan shekarar da na binne ɗana. Ba cuta kaɗai ta kashe shi ba. Ni na hana shi ruwa."

Dariyar ta bushe a fuskarta. Ita ma biyu ta binne a kan tudun. Na ga tunaninta ya kama hanya, na ga inda zai kai ta, ban iya tare mata ba, don ni ma ba a tare mini ba. Ta juya, ta miƙa hannu bayan rumbu, ta fito da moɗar. Muka tafasa ruwa. Aka sa yaron a kwale-kwale zuwa asibiti ina ba shi cokali a hanya. Ya tashi. Tabawa ba ta ƙara tsokanata ba, kuma wallahi tsokanar na fi so.

Balki ta zo cikin watan da 'yan kwalabenta. La'asar ta yi, direba ya tayar da mota, ta leƙa ta ce ya tafi ya dawo jibi. Ta shigo ɗakina ta miƙe a tabarma kamar ba malamar likitoci ba, ta ce, "Iya, ƙishi nake ji." Na buɗe randa, tafasasshe ne, na cika moɗa na ba ta. Ta shanye. Na ƙara mata ba ta roƙa ba.

Na samu 'yata, abin da na je nema ke nan. Abin da na ɗauko a hanya kuwa da shi za a binne ni. A al'adarmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, na kuwa kiyaye wannan kamar yadda na kiyaye waccan ta hana ruwa. Yau na gaji da kiyayewa. A rubuta da kyau: sunansa Idrisa. Shekararsa goma sha ɗaya. Yaro ne mai jin maganar uwarsa. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, in kuwa akwai mai kuka yana neman ruwa a ɗakinku, a ba shi.